Yadda karon faya-fayan ƙasa ya gina tsibiran Indonesiya

Indonesiya ƙasa ce mai tsibirai fiye da 17,000, waɗanda suka miƙe tsawon sama da kilomita 5,000 tsakanin Tekun Indiya da Tekun Fasifik. Jama'arta sun haura miliyan 270 a ƙidayar 2020, mafi yawansu Musulmi. Sunanta kan fito a labarai ta fuska biyu: ko dai girgizar ƙasa da aman wuta da tsunami, ko kuma nikel da zinare da tagullar da manyan ƙasashe ke zawarci. Fuskokin biyu tushensu ɗaya ne. Ƙasar tana zaune a mahaɗar manyan faya-fayan ɓawon duniya da suka shafe miliyoyin shekaru suna matsar juna. Wannan matsi shi ya ɗago yawancin tsibiran daga cikin teku, shi ya zuba musu ma'adinai, shi ne kuma ke girgiza su har yau.

Mene ne faifan ƙasa?

Ɓawon duniya, wato dutsen da nahiyoyi da tekuna ke zaune a kansa, ya yi kama da ƙwaryar da ta tsattsage amma gutsattsarinta ba su warwatse ba. Kowane gutsure shi masana ke kira faifai. Kaurinsa kan kai kimanin kilomita 100, yana kwance a kan dutse mai tsananin zafi wanda ke motsi sannu a hankali kamar ƙullu mai tauri. Saboda haka faya-fayan suna tafiya, 'yan santimitoci kaɗan a shekara.

Wani masani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya gabatar da ra'ayin cewa nahiyoyi suna motsi a 1912, amma sai a shekarun 1960, bayan an auna ƙasan tekuna, duniyar ilimi ta amince da shi.

Faya-fayai biyu kan haɗu ta hanya uku: su rabu, su goga wa juna kafaɗa, ko su yi karo. Kwarin Binuwai a Najeriya tabon rabuwa ne. Lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka, sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta fara tsagewa a wurin, sai tsagar ta tsaya ba ta zama teku ba. Yau Najeriya da Nijar suna tsakiyar faifan Afirka, nesa da gefensa, shi ya sa manyan girgizar ƙasa ba su cika aukuwa a cikinsu ba. Indonesiya kuwa tana kan gefe, kuma gefen karo.

Faya-fayai huɗu a wuri ɗaya

Yammacin Indonesiya, wato Sumatra da Java da Borneo, yana kan wani yanki na faifan Turai da Asiya da ake kira Sunda. Daga kudu, faifan da ke ɗauke da Ostireliya da ƙasan Tekun Indiya yana matsowa arewa da kimanin santimita 7 a shekara. Daga gabas, faifan Fasifik da na Tekun Filifin suna turowa yamma.

Santimita 7 kusan ninki biyu ne na tsiron farcen mutum a shekara. Amma a shekaru miliyan ɗaya ya zama kilomita 70, a shekaru miliyan 45 kuma ya haura kilomita 3,000. Tafiyar da Ostireliya ta yi ke nan daga kusa da Antatika zuwa inda take a yau, kuma duk ƙasan tekun da ke gabanta a da sai da ya samu inda zai shige.

Abin da ke faruwa idan faifai ya nutse

Ɓawon da ke ƙarƙashin teku ya fi na nahiya nauyi. Idan suka yi karo, na teku kan lanƙwashe ya nutse ƙarƙashin na nahiya. Inda ya lanƙwashe akwai wani kwazazzabo mai zurfi a ƙasan teku. Kwazazzabon Sunda, wanda ya bi kudancin Sumatra da Java, tsawonsa ya haura kilomita 3,000, zurfinsa kuma ya wuce mita 7,000 a wasu wurare.

Abubuwa huɗu ke biyo bayan wannan nutso. Na farko, laka da yashin da ke saman faifan mai nutsewa sukan kankare su taru a bakin kwazazzabon, su haɗu da gefen faifan sama da matsi ya ɗaga. Haka jerin ƙananan tsibiran da ke yammacin Sumatra suka samu, irin su Simeulue da Nias da Mentawai.

Na biyu, idan faifan ya kai zurfin kimanin kilomita 100, zafi da matsi kan matse ruwan da ke cikin duwatsunsa. Ruwan yakan sa dutsen da ke samansa ya narke a zafin da bai isa ya narkar da busasshen dutse ba. Narkakken dutsen sai ya taso ya huda ɓawon. Wannan ne ya sa duwatsu masu aman wuta na Sumatra da Java da Bali da Lombok da Sumbawa da Flores suka jeru kamar carbi, daura da kwazazzabon. Ƙasar tana da irin waɗannan duwatsu kusan 130 da ba su mutu ba.

Na uku, faya-fayan ba sa zamewa sumul. Sukan cije da juna shekaru ɗari ko ɗaruruwa, faifan sama yana lanƙwashewa kamar baka, har ranar da zai kuɓuce. Kuɓucewar ita ce babbar girgizar ƙasa, idan kuma ta ɗaga ƙasan teku sai ta haifar da tsunami.

Na huɗu ya shafi Sumatra. A Java faifan kudu yana shigowa gaba da gaba, a Sumatra kuwa a karkace yake shigowa. Karkatar ta tsaga tsibirin daga kai zuwa gindi, tsawon kimanin kilomita 1,900, a cikin tsaunukan Barisan. Yankin da ke yammacin tsagar yana zamewa arewa maso yamma, yana jawo girgizar ƙasa a kan tudu.

Yadda aka harhaɗa tsibiran

Indonesiya ta ginu ne gutsure bayan gutsure. A da can, Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya da Antatika suna haɗe a babbar nahiya ɗaya, Gondwana. Daga gefenta na arewa gutsattsari suka riƙa ɓallewa suna tafiya arewa suna mannewa da Asiya.

Gutsuren da ya zama ƙashin bayan Sumatra da yammacin Malesiya ya manne fiye da shekaru miliyan 200 da suka wuce. Zafin wannan karo ya narkar da duwatsun da suka daskare suka zama tushen kuzar tsibiran Bangka da Belitung. Wasu gutsattsarin sun ɓalle daga arewacin Ostireliya kimanin shekaru miliyan 160 baya, suka iso daga baya suka zama tushen kudu maso yammacin Borneo da gabashin Java da yammacin Sulawesi.

Kimanin shekaru miliyan 45 da suka wuce Ostireliya ta ƙara sauri zuwa arewa, nutson ƙasan teku ya kankama a kudancin Sunda. A wannan zamani ne kuma mashigin ruwa na Makassar ya buɗe, ya raba yammacin Sulawesi da Borneo. Java a siffar da aka san ta yanzu ƙarama ce a shekaru: galibinta ya fito daga ruwa ne a 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan.

Gabas, inda nahiya ta shiga karon

Muddin ƙasan teku ne ke nutsewa, aikin yana tafiya a tsari ɗaya. Amma kimanin shekaru miliyan 25 da suka wuce, wani tsinin nahiyar Ostireliya ya iso ya daki jerin duwatsun da ke inda Sulawesi take a yau. Ɓawon nahiya ba shi da nauyin da zai nutse da sauƙi, don haka ya cushe, ya karkarye, ya juya abin da ke gabansa. Sulawesi mai hannuwa huɗu sakamakon wannan cunkoso ce: kowane hannu da irin dutsensa da asalinsa, tsagogi kuma sun ratsa tsakaninsu. Ɗaya daga cikinsu, tsagar Palu-Koro, tana cikin mafiya saurin motsi a yankin.

A Tekun Maluku, wani ƙaramin faifai ya nutse ta ɓangarori biyu, gabas ƙarƙashin Halmahera, yamma ƙarƙashin tsibiran Sangihe, har ya kusa ƙarewa, jerin duwatsun biyu kuma suna karo da juna. A Tekun Banda, jerin tsibirai ya lanƙwashe ya yi siffar kofaton doki, da wani rami mai zurfin sama da mita 7,000 a cikinsa.

A Timor, gefen nahiyar Ostireliya ya iso kwazazzabon 'yan miliyoyin shekaru da suka wuce ya toshe shi. Duwatsu masu aman wuta da ke arewa da tsibirin, irin na Wetar da Atauro, sun mutu, Timor kuma ta ɗagu, har ana samun murjanin teku ɗaruruwan mita a saman tudu. Matsin da ya rasa hanya a kudu ya koma arewa, ya buɗe wata tsaga a bayan Flores da Lombok. Ita ta haddasa girgizar Flores ta 1992 da ta kashe fiye da mutum 2,000, da ta Lombok ta 2018 da ta kashe fiye da 500.

A can ƙarshen gabas akwai babban tsibirin Papua, wanda rabinsa na yamma ke hannun Indonesiya. Shi ne goshin faifan Ostireliya, shi ke shan karo da faifan Fasifik. Tsaunukansa sun ɗagu cikin 'yan miliyoyin shekaru, kuma ƙololuwar Puncak Jaya mai tsawon mita 4,884 an gina ta ne da farin dutsen da ya taru a ƙasan teku.

Iyakar da dabbobi suka kiyaye

Wannan tarihi ya bar alama a jikin halittu. Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, ruwan teku ya sauka da kusan mita 120. Sumatra da Java da Borneo da Bali suka haɗe da Asiya ta tudu, Papua kuma ta haɗe da Ostireliya. Tsibiran da ke tsakani sun ci gaba da zama a kewaye da ruwa mai zurfi.

Baturen Ingila Alfred Russel Wallace ya lura da haka a shekarun 1850. Tsakanin Bali da Lombok kimanin kilomita 35 ne kawai, amma tsuntsayen ɓangarorin biyu sun sha bamban. Yamma da wannan iyaka akwai giwa da karkanda da damisa irin ta Asiya. Gabas da ita ake fara ganin dabbobi masu goyon 'ya'yansu a aljihun ciki, dangin na Ostireliya. Ana kiran iyakar Layin Wallace.

Arzikin da karon ya bari

Tokar aman wuta takin ƙasa ce. Java ba ta kai ninki biyu na jihar Neja a faɗi ba, amma tana ɗauke da mutum kimanin miliyan 150, fiye da rabin jama'ar ƙasar, kuma manoma da dama kan girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Ɓangaren Indonesiya na Borneo, wanda ake kira Kalimantan, ya ninka Java kusan sau huɗu a faɗi, ba shi da duwatsu masu aman wuta, ƙasarsa ba ta da irin wannan albarka, jama'arsa kuma ba su kai miliyan 20 ba. Rinjayen Java a siyasar ƙasar daga nan ya samo tushe.

Kanumfarin da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa asalinsa daga wasu ƙananan tsibirai ne na arewacin Maluku, irin su Ternate da Tidore, gyaɗar ƙamshi kuma daga tsibiran Banda. Neman mallake wannan ciniki ne ya jawo Turawa. A 1621 kamfanin Turawan Holan na gabashin Indiya, ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen, ya ci Banda da yaƙi; daga cikin mutanenta kimanin 15,000, mafi yawa an kashe su, ko an bautar da su, ko sun gudu.

Yau ma'adinai ne suka maye gurbin kayan yaji. A Grasberg, cikin tsaunukan Papua, narkakken dutsen da ya taso kimanin shekaru miliyan 3 da suka wuce ya bar ɗaya daga cikin manyan taskokin zinare da tagulla a duniya. Kamfanin Freeport na Amurka ya shiga yankin ne da yarjejeniyar 1967, a farkon mulkin Suharto, sai a 2018 gwamnati ta karɓi kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin. Mahaƙar ta daɗe tana tsakiyar ƙorafin 'yan Papua kan rabon arziki da zubar da tarkacen haƙa a kogi.

Nikel ma ɗan wannan karo ne. A gabashin Sulawesi da Halmahera, matsi ya ɗora manyan falalen ƙasan teku a kan tudu. Ruwan sama da zafi suka ruɓar da su suka zama jar ƙasa irin ta marmara, mai ɗauke da nikel, ƙarfen da ake buƙata wajen haɗa ƙarfe marar tsatsa da batiran motoci masu amfani da lantarki. Indonesiya ce ke kan gaba a duniya wajen haƙo shi. Daga Janairun 2020 ta haramta fitar da shi ɗanye don tilasta a sarrafa shi a gida. Tarayyar Turai ta kai ƙara gaban Hukumar Ciniki ta Duniya, hukuncin 2022 bai yi wa Indonesiya daɗi ba, ta ɗaukaka ƙara. Masana'antu sun bunƙasa a Morowali da Weda, akasari da jarin China, tare da ƙorafi kan sare dazuka da gurɓata ruwa da lafiyar ma'aikata. A Disambar 2023 wata tanderun narka ƙarfe ta fashe a Morowali ta kashe ma'aikata 21.

Harbin da ke tare da zumar

Hausawa na cewa ba a shan zuma sai an sha harbi. Kimanin shekaru 74,000 da suka wuce dutsen Toba a Sumatra ya yi aman da ya bar tafki mai tsawon kilomita 100. An samu tokarsa a Indiya da ƙasan Tafkin Malawi. A Afrilun 1815 Tambora a Sumbawa ya fashe, dubun-dubatar mutane suka mutu, akasari saboda yunwa da cututtukan da suka biyo baya, hayaƙinsa kuma ya sanyaya duniya har amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka a 1816. A ranar 27 ga Agustan 1883 Krakatau ya kashe fiye da mutum 36,000, yawancinsu ta hanyar tsunami, an kuma ji ƙararsa a tsibirin Rodrigues, kimanin kilomita 4,800 daga wurin.

Mafi muni a wannan zamani ita ce girgizar 26 ga Disambar 2004 mai ƙarfin maki 9.1. Mahaɗar faya-fayan ta kuɓuce tsawon kimanin kilomita 1,300 daga arewacin Sumatra. Igiyar ruwa ta kai tsayin mita 30 a wasu sassan Aceh, ta tsallaka teku har Somaliya. Mutum kusan 230,000 suka mutu a ƙasashe 14, fiye da 160,000 daga cikinsu a Aceh. Bala'in ya taɓa siyasa: yaƙin 'yan awaren Aceh da aka fara a 1976 ya ƙare da yarjejeniyar Helsinki ta 15 ga Agustan 2005, wadda tsohon shugaban Finlan Martti Ahtisaari ya shiga tsakani.

Inda hannun mutum ya shigo

Ƙarfin girgiza kaɗai ba ya ƙayyade yawan gawa. Tsibirin Simeulue yana dab da cibiyar girgizar 2004, amma daga cikin mutanensa kusan 78,000, bakwai ne suka mutu. Tun tsunamin 1907 iyaye ke koya wa 'ya'yansu cewa idan ƙasa ta girgiza teku ya janye, a gudu kan tudu. Suna kiran wannan igiya smong. A gefe guda, girgizar Yogyakarta ta 2006 mai maki 6.3 kacal ta kashe fiye da mutum 5,700, saboda gidajen tubali marasa ƙarfe sun rufto wa masu su.

Bayan 2004 gwamnati ta yi dokar kula da bala'o'i a 2007, ta kafa hukumar BNPB a 2008, ta kuma ƙaddamar da tsarin gargaɗin tsunami a shekarar. A 2010 sa ido kan dutsen Merapi ya sa aka kwashe kimanin mutum 350,000 kafin aman ya tsananta, ko da yake fiye da 350 sun mutu. Amma a 2018 gibin ya bayyana. A ranar 28 ga Satumba tsagar Palu-Koro ta motsa da ƙarfin maki 7.5, igiyar ruwa ta iso birnin Palu cikin 'yan mintuna, ƙasa kuma ta narke ta zama taɓo ta haɗiye unguwannin Petobo da Balaroa. Fiye da mutum 4,300 suka mutu. Kakakin BNPB na lokacin, Sutopo Purwo Nugroho, ya bayyana cewa na'urorin gano tsunami 22 da aka girka a teku ba sa aiki tun 2012, saboda ɓarna da rashin kuɗin gyara. Watanni uku bayan haka, gefen dutsen Anak Krakatau, wanda ya tsiro a gurbin Krakatau a 1927, ya zaftare cikin teku da dare. Tsarin gargaɗin an gina shi ne don girgizar ƙasa, don haka bai yi ƙara ba, mutum fiye da 400 suka mutu.

Ko shawarar mayar da babban birni daga Jakarta zuwa Nusantara a gabashin Kalimantan, wadda Shugaba Joko Widodo ya sanar a 2019 aka kuma mayar da ita doka a 2022, tana da nasaba da wannan taswira: cikin dalilan da aka bayar akwai cewa Borneo ta fi nisa da gefen faya-fayan. Nutsewar da arewacin Jakarta ke yi kuwa, babban dalilinta shi ne yawan zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ke gaba

Faifan Ostireliya bai tsaya ba. Idan tafiyar ta ɗore, tekunan gabashin Indonesiya za su ci gaba da matsewa, tsibiran su cunkushe tsakanin nahiyoyi biyu, kamar yadda karon Indiya da Asiya ya ɗaga Himalaya. Wannan lissafin miliyoyin shekaru ne.

Lissafin da ya fi kusa yana yammacin Sumatra. Yankin mahaɗar da ke ƙarƙashin tsibiran Mentawai ya yi manyan girgizoji a 1797 da 1833, kuma masana sun daɗe suna gargaɗin cewa wani sashensa, wajen tsibirin Siberut, bai saki matsin da ya tara tun wancan lokaci ba. Birnin Padang mai mutum kusan 900,000 yana fuskantarsa a bakin teku, a kan fili mai ƙasa-ƙasa. Ƙiyasin masana shi ne, tsakanin girgizar da isowar ruwa, mutanen birnin ba za su samu fiye da kimanin rabin sa'a ba. Yawan waɗanda za su tsira ya danganta ne ga ingancin gine-gine, da faɗin hanyoyin fita, da benayen mafaka, da kuma ko an ware kuɗin kula da na'urorin gargaɗi a kasafin kowace shekara.